Ma'anar "Sabon Nau'i": Yadda Ake Tabbatar da Gizo-gizon da Aka Gano a Dajin Tsauni

A watan Agusta na shekarar 2024 aka ba da labarin cewa masana sun gano sabon nau'in gizo-gizo a tsaunukan Chiricahua da ke kudu maso gabashin jihar Arizona ta Amurka. Kafin wannan, a Janairun 2022, an ji makamancin labarin daga lardin Tak na ƙasar Tailan, inda aka sami wani babban gizo-gizo mai gashi yana zaune a cikin ƙirar gora. Kunnen mai karatu ya riga ya saba da kalmar "sabon nau'i" tun lokacin annobar korona, haka kuma manomi yana jin ta duk sa'ad da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da sabon irin masara ko na wake. A waɗannan wurare biyu abu ne ya fito wanda da babu shi, domin ƙwayar cuta ta sauya kama, iri kuma masana ne suka haɗa shi. Amma idan masanin halittu ya ce ya gano sabon nau'in gizo-gizo, halittar ta daɗe a dajinta tun kafin kakanninsa, kuma mai yiwuwa ne mutanen ƙauyen da ke gindin tsaunin sun san ta sarai. Sabuntarta a rajistar ilimi take: ba a taɓa siffanta ta a rubuce ba, ba a taɓa raɗa mata suna bisa ƙa'ida ba.

Shi kansa nau'i, a ma'anar da masanin halittu Ernst Mayr ya yi fice da ita a 1942, rukuni ne na halittu da ke barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya waɗanda su ma za su iya haihuwa. Bahaushe yana da misali a hannu, domin doki da jaki suna iya haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, saboda haka doki nau'insa daban, jaki nau'insa daban. Nau'o'in da suka yi kusa da juna ana tara su a rukuni na sama, wanda za mu iya kira gida, gidaje kuma a tara su a dangi. Daga nan sunan kimiyya mai kalma biyu ya samo asali, ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i. Gizo-gizon gora na Tailan sunansa Taksinus bambus, kuma da masana suka duba shi sai suka ga bai shiga ko ɗaya daga gidajen da aka sani ba, don haka sai da aka buɗe masa sabon gida, aka sa wa gidan sunan Sarki Taksin, wanda ya taɓa mulkin Tak kafin ya hau sarautar ƙasar a ƙarni na 18.

Matsalar ita ce ba mai iya tara gizo-gizon tsaunuka ya zauna yana jiran ya ga wa zai haihu da wa. Dole a nemi wata shaida, kuma a nan ne aikin yake da wuya.

Aikin yana farawa da kamu. Mai bincike yakan binne ƙaramin kofi a ƙasa, bakinsa daidai da doron ƙasa, ya zuba ruwan adanawa a ciki, duk abin da ya ratsa da dare ya faɗa. Yakan kwashi ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a gindin itace ya rairaye shi a kan farin ƙyalle, kamar yadda ake rairaye gari, sai ƙananan halittun da ba su kai ƙwayar gero ba su zubo suna motsi. Yakan shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin reshe ya buge shi da sanda. Da dare kuma yakan ɗaura fitila a goshi, domin idanun wasu gizo-gizo masu farauta a ƙasa suna mayar da haske, a gan su kamar ɓarɓashin gilashi a cikin ciyawa. Abin da aka kama ana jefa shi a kwalbar itanol, ɗan'uwan sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura, tare da 'yar takarda da aka rubuta wuri, rana, tsayin wurin daga teku da sunan wanda ya kama. Da fensir ko tawadar da ba ta narkewa ake rubuta takardar, kuma a cikin kwalbar ake saka ta, saboda wadda aka manna a waje tana iya ɓamɓarewa. Samfurin da ya rasa wannan takarda ya rasa kusan duk darajarsa.

Mutum zai yi zaton launi da girma su ne abin dubawa na farko, amma masana gizo-gizo ba su cika amincewa da su ba. Launi yana kodewa a cikin itanol, yana bambanta tsakanin mace da namiji, yana kuma sauyawa duk lokacin da halittar ta yi saɓa. Abin da suka fi dogara da shi shi ne gaɓoɓin haihuwa. Namijin gizo-gizo yana da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu a gefen bakinsa masu kama da hannaye, waɗanda idan ya balaga ƙarshensu yakan kumbura ya zama ma'ajiya. Yakan saƙa 'yar yana, ya ɗiga maniyyinsa a kai, ya zuƙe shi cikin waɗannan gaɓoɓi, sannan ya tafi neman mace. A yawancin gizo-gizo ita macen tana da wani tauraren faranti a ƙarƙashin cikinta mai ƙofofi da lunguna, kuma siffar gaɓar namiji da ta farantin mace sukan dace kamar makulli da kwaɗonsa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin ƙugiyoyi, murɗe-murɗe da tsinuna waɗanda tsarinsu ya keɓanta ga kowane nau'i, har ta kai gizo-gizo biyu da ido zai rantse 'yan ɗaki ɗaya ne su rabu sarai a wannan wuri. Wannan ne dalilin da ya sa wanda bai balaga ba ba a cika iya tantance shi ba, kuma shi ne ya sa hoton waya, komai kyansa, ba ya isa hujja.

Manyan gizo-gizo masu gashi da ake kira tarantula sun fi ba da wahala, saboda gaɓoɓin haihuwarsu ba su da wannan yawan ado, macensu ma ba ta da tauraren farantin. A nan ne gwajin ƙwayoyin gado na DNA ya zama dole. Tun 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar karanta wani ɗan yanki na gado mai tsawon haruffa kimanin 650 a matsayin lambar shaidar kowace dabba, yanzu kuma masana suna karanta ɗaruruwan yankuna a lokaci guda. Gizo-gizon Arizona misali ne mai kyau. Baƙi ne mai jajayen gasu a ciki, yana zaune a dajin itatuwa masu ganye kamar allura can saman tsaunin, amma a tsakiyar gangara yana haɗuwa da wani ɗan gidansu, Aphonopelma chiricahua, har lokacin barbararsu ɗaya ne. Hankali zai ba da cewa maƙwabtan nan biyu su ne mafi kusanci. Gwajin gado ya nuna akasin haka: ɗan'uwansa na kusa shi ne Aphonopelma marxi, wanda mazauninsa yake nesa a tudun Kolorado. Chris Hamilton na Jami'ar Idaho da Brent Hendrixson na Kwalejin Millsaps da abokiyar aikinsu suka haɗa wannan shaida da ta siffar jiki, ɗabi'a da mazauni, suka raɗa masa suna Aphonopelma jacobii domin karrama Michael Jacobi, wanda ya taimaka wajen samo samfuran farko. Shi ne nau'in tarantula na 30 da aka tabbatar a Amurka.

Ko bayan an ga bambanci, saura aiki mafi cin rai, wato tabbatar da cewa wani bai riga ya siffanta halittar ba shekara ɗari da suka wuce. Dole mai bincike ya bi tsofaffin rubuce-rubuce, wasu da Latin, wasu da Jamusanci ko Faransanci, da yawansu layi huɗu ne ko biyar ba tare da zane ba, sannan ya aro ko ya je ya duba samfuran da ke ajiye a gidajen adana kayan tarihi. Ga ƙa'idar: duk sabon suna dole a ɗaure shi da samfuri, galibi guda ɗaya wanda ake kira holotayif, wato samfurin asali, a ajiye shi inda kowane masani zai iya zuwa ya gani. Idan gardama ta tashi nan da shekara hamsin a kan ko wani gizo-gizo na wannan nau'in ne, kwalbar za a ɗauko a gwada. Kundin dokokin sanya sunayen dabbobi na duniya ya wajabta ayyana wannan samfuri ga duk sunan nau'in da aka wallafa daga shekarar 2000, kuma daga 2012 ya amince da wallafawa ta intanet muddin an shigar da aikin a ZooBank, wato rajistar sunayen dabbobi da ke intanet. Sai bayanin ya fito a rubuce, da siffantawar da ke nuna inda ya rabu da 'yan'uwansa, sannan sunan ya zauna. Haruffan "sp. nov." da ake gani a gaban sabon suna taƙaitawa ce ta Latin mai nufin sabon nau'i.

Zaman sunan ma ba na har abada ba ne, kuma wannan ne abin da rahotannin jarida suka fi tsallakewa. A 2016 Hamilton da Hendrixson tare da Jason Bond suka sake bitar tarantulan Amurka baki ɗaya, bayan shekaru suna tara samfura. Sun tarar da sunaye 55 a rubuce. Da suka gama, 33 daga ciki sun zama maimaici, wato halitta ɗaya aka yi ta raɗa wa suna sau biyu ko uku, wasu 7 kuma aka ajiye su gefe saboda bayaninsu bai isa a gane abin da ake nufi ba. Sannan suka ƙara sababbi 14, lissafi ya tsaya a 29. Idan aka sami maimaici, sunan da ya riga fitowa shi ne ke tsayawa, na baya ya faɗi. A ganina wannan aiki na share rajista ya kai gano sabo muhimmanci, ko da yake ba shi da farin jini wurin masu ba da labari.

Akwai wani tarihi mai daɗi a nan. Dokar ta ɗauki 1 ga Janairun 1758 a matsayin mafarin sunayen dabbobi, saboda aikin Carl Linnaeus na Suwidin. Amma wani ɗan ƙasarsu, Carl Clerck, ya wallafa littafi a kan gizo-gizon Suwidin a 1757 da irin wannan tsari na kalma biyu, kuma doka ta keɓe shi ta amince da sunayensa, har ta ba su fifiko. Ke nan gizo-gizo, wanda a wurinmu ya buɗe tatsuniya, shi ne ya buɗe rajistar. Daga nan sai da aka yi shekara 265 kafin kundin gizo-gizo na duniya, wanda gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi, ya rubuta nau'i na 50,000 a Afrilun 2022, wani mai tsalle daga Kudancin Amurka da aka kira Guriurius minuano. Masu kula da kundin sun ƙiyasta cewa kusan adadin haka ya rage ba a siffanta ba. Da yawa daga cikinsu ma an riga an kama su, suna kwance a kwalabe, domin wani bincike da masana a Faransa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa a matsakaici shekara 21 ake yi tsakanin kama halitta da raɗa mata suna.

Dazukan tsaunuka kuwa suna yawan fitowa a irin waɗannan labarai saboda dalili na fili. Tsaunin Chiricahua ya kai kusan mita 3,000, samansa da sanyi da laima, ƙasansa hamada. Halittar da ta saba da sanyin sama ba ta iya ratsa zafin ƙasa ta kai tsauni na gaba, shi ya sa masana suke kiran irin waɗannan wurare tsibiran sama. Ƙananan gizo-gizo da yawa sukan saki zare iska ta ɗauke su zuwa nesa, amma tarantula mai zaman rami ba ta yin haka, don haka 'yan kowane tsauni suke keɓewa dubban shekaru har su rabu da na maƙwabta. Na Tailan ya keɓe ta wata fuskar, domin a dajin tudu mai tsayin kimanin mita 1,000 aka same shi, ba ya iya huda gora da kansa, sai ya dogara da ramin da ƙwaro ko wata dabba ta huda, ko inda gorar ta tsage, ya liƙe ƙofar da yana. Wani mai ɗaukar bidiyon namun daji ne, JoCho Sippawat, ya fara cin karo da shi, sannan ya kai ga masana suka yi aikin siffantawa. Wannan keɓewa ita ce kuma hatsarinsu, saboda gobarar daji ɗaya ko ɗumamar yanayi na iya cinye mazaunin gaba ɗaya, ga kuma masu fataucin tarantula da ke bin sawun duk sabon suna.

Irin waɗannan tsibiran sama suna nan a kan iyakar Najeriya da Kamaru, a tudun Mambila da dajin Ngel Nyaki, da kuma Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti, wanda tsayinsa ya haura mita 2,400. Duk wanda zai tantance gizo-gizon waɗannan wurare, bayan ya gama rairayar ganye da duba madubi, akwai yiwuwar sai ya nemi samfuran asali a Landan ko Faris ko Tervuren ta Beljiyam, domin can aka kai yawancin abin da aka tara daga Afirka a zamanin mulkin mallaka.