Bita da Lasisin Koyarwa: Tambayoyin da Malaman Zariya Ke Yawan Yi

Maganar sabunta lasisi takan taso a ofishin malamai duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin tantancewa ko ƙarin girma. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin malaman firamare da sakandare, daga Birni zuwa Sabon Gari da Samaru.

Na gama NCE, na yi rajista da TRCN. Me kuma ake nema a wurina?

Rajista daban, lasisi daban, kuma nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, an kafa ta ne da doka mai lamba 31 ta 1993. Idan ta yi maka rajista, sunanka ya shiga littafin malaman ƙasa ke nan. Lasisi shi ne izinin tsayawa gaban aji, kuma wa'adinsa shekara uku ne, sai a sabunta. A ƙa'idar hukumar, ba biyan kuɗi kaɗai ke sabunta shi ba, ana so malami ya nuna bai zauna da ilimin da ya fito da shi daga kwaleji ba, ya ci gaba da halartar horon ƙara sanin aiki a tsawon shekarun nan uku.

Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: rukunin A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digiri na farko, D kuma masu NCE. Kuɗin da za ka biya yana bin rukuninka. Tun 2017 kuma sabon mai neman rajista sai ya zauna jarrabawar cancanta a kan kwamfuta.

Wace irin bita ake ƙirgawa?

Wadda hukumar ta shirya da kanta, ko wadda wata cibiya da ta amince da ita ta shirya. Akwai bitar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ke tara malaman makarantun da ke kusa da juna a makaranta guda lokacin hutu, akwai kwasa-kwasan Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da tarukan ƙungiyoyin malaman darasi irin na kimiyya da lissafi. Komawa makaranta don ƙaro takarda shi ma ci gaba ne.

Inda nake jan kunne shi ne bitar kasuwa. Wani zai kama ɗakin taro ranar Asabar, ya karɓi kuɗin mutane, ya yi awa biyu yana karanto abin da ya kwaso daga intanet, a raba lemo da biskit, a miƙa satifiket mai zanen zinare a gefe. Kafin ka ciro kuɗinka, tambayi mai shiryawa ko TRCN ta san da shi. Wanda yake da amincewa ba ya jin nauyin nuna ta.

A ina mutumin Zariya zai samu?

A wannan fanni Zariya ba ta da uzuri. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gyallesu, wadda yanzu ta zama jami'ar ilimi, ta faro ne a 1962 a matsayin babbar kwalejin horon malamai, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. A Samaru akwai Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi ta jami'ar, wadda ta daɗe tana gudanar da karatun lokacin hutu don malaman da ke bakin aiki. Hedikwatar NTI kuma, da aka kafa a 1976, tana Rigachikun a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna, kuma aikinta tun asali shi ne horar da malami ba tare da ya ajiye alli ba. Malamin wata jihar sai ya kwana a hanya kafin ya iso abin da mu ke hawa Keke Napep mu je.

Wa ke biyan kuɗin, ni ko gwamnati?

Ya danganta da inda kake koyarwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma daga ciki ana cire kashi 10 cikin ɗari don horar da malamai. Da wannan kuɗi ne jihohi ke shirya yawancin bitar malaman firamare da ƙaramar sakandare, har a ba mahalarta ɗan alawus na mota da abinci. Kuɗin lasisi da na ƙaro karatu kuwa, galibi daga aljihun malami suke fita.

Alawus ɗin nan yana da nasa illar. Da zarar bita ta zama hanyar samun na cefane, sai ka ga a wasu makarantu fuskoki iri ɗaya ne ke zuwa kowace shekara, malamar da ke riƙe da aji ɗaya kuwa, wadda ta fi kowa buƙatar sanin dabarun koyar da karatu, ba a taɓa rubuta sunanta ba. Hedimasta mai adalci yakan ajiye littafi, ya rubuta wanda ya je bara da wanda ke layi bana.

Ni mataimakiyar malama ce a makarantar kuɗi. Wannan magana ta shafe ni?

Rukunan TRCN huɗu babu na mataimaki a cikinsu. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a tsarin ilimi na ƙasa ita ce NCE, don haka wadda ke da sakandare kaɗai tana taimakawa a ajin nazare ba za ta samu lasisi ba, kuma ba a binta bashin bita. Amma kowa ya san yadda abin yake. Ranar da malamar aji ta haihu ko ta samu wani aikin, Anti ce ke ɗaukar alli, wani lokaci har ƙarshen zango. Shawarata gare ki, Malama, ki nemi NCE ta hanyar NTI ko karatun hutu, ki kuma roƙi mai makaranta ya riƙa saka ki a duk horon da za a yi wa malamai. Haka abin yake ga malaman Islamiyya da ke koyar da darussan boko, da 'yan sa-kai da ke cike giɓi a makarantun gwamnati.

Dokar rajista ba ta ware makarantar kuɗi ba. Duk mai riƙe da aji a matsayin malami, ta hau kansa.

Ina da digiri a kimiyyar sinadarai, shekara da shekaru ina koyarwa. Ba ni da takardar malanta.

Sai ka yi difloma ta ilimi, wato PGDE, sannan ka zauna jarrabawar TRCN. Ana yin PGDE a ABU da NTI. Daɗewa a aji ba ya maye gurbinta a idon doka.

Bita tana kare mutum daga irin abin da ya faru a 2017?

Babu malamin Jihar Kaduna da ya manta. A shekarar ce gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar gwaji, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, aka sallame su. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi ta jayayya cewa TRCN ce ke da hurumin gwada malami, ba gwamnatin jiha ba.

Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, abin lura shi ne jarrabawar ba ta tambayi yawan satifiket ɗin da ke cikin jakar kowa ba. Lissafi da karatu na matakin firamare aka tambaya. Bitar da za ta yi maka rana ita ce wadda ta komar da kai kan darasinka, ta sa ka zauna ka warware tambayoyin da kake ba yara. Ga kuma dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ga inda aka aiwatar da ita. Wanda zai yi shekara arba'in yana koyarwa, manhaja za ta sauya a hannunsa ba sau ɗaya ba.

Ta yaya zan gane bitar da ta yi amfani?

Ka leƙa aji ranar Litinin da ta biyo baya. Ɗauki malamar aji biyu da ta dawo daga horon koyar da karatu da sautin baƙaƙe. Da can takan rubuta jimla a allo ta karanta, yara su amsa da ƙarfi har a jiyo su a bakin titi, alhali rabinsu bakinta suke kallo, ba allon ba. Yanzu ta yanka kwalin taliya, ta rubuta "ba", "ka", "ta" a kai, ta kira yarinyar da ke zaune a ƙasa can baya ta haɗa biyu ta karanta. Yarinyar ta yi jim, ta ce "ba... ta, bata". A minti ɗaya malamar ta san wanda ya iya da wanda ke fakewa a cikin amshi.

Shirin SMASE na koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka gwada a jihohin Kaduna da Neja da Filato da tallafin Japan, a kan wannan tunani aka gina shi: yaro ya taɓa da hannunsa, malami ya haɗa kayan koyarwa da abin da ke kusa da shi, ko da murafun kwalba ne. Amma wanda aka tura ya koyo sai ya dawo ya koya wa sauran malamai, kuma a nan ne abin ke yawan tsinkewa, don ba a ware masa lokaci. Awa ɗaya bayan tashi, ranar Alhamis, ta isa a fara.

Me zan ajiye don ranar sabuntawa?

Fayil guda. Ka sa kwafin takardar rajista da lasisi, rasit ɗin biyan kuɗi, da satifiket ɗin kowace bita mai ɗauke da kwanan wata da sunan waɗanda suka shirya. Ka ɗauki hotonsu a waya ka tura wa kanka ta imel, saboda gara da ruwan damina. Ka kuma duba ranar da lasisinka zai ƙare tun yanzu, kada sai an liƙa sanarwar tantancewa a allon ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.