Abin da Rada Take Gani a Sama da Abin da Ba Ta Gani

Tun da aka fara batun sa ido kan ƙwarin da ke ƙaura ta sararin sama, kalmar rada ta shiga bakin masu sharhi, kuma da yawansu suna kiranta kamar sunan kyamara ko tauraron ɗan Adam, har a ji wani yana cewa rada ta ɗauko hoton fara. Rada ba ta ɗaukar hoto. Sunan taƙaitawa ce da sojojin ruwan Amurka suka yi a 1940 ga wata jimla mai nufin gano abu da auna nisansa ta igiyar rediyo. Na'urar tana cilla igiyar sama, idan ta bugi jikin ƙwaro sai ɗan kaɗan daga cikinta ya dawo, kuma daga tsawon lokacin dawowar ake lissafa tazarar.

Irin wadda cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ta yi amfani da ita tana kallon sama tsaye, daga kimanin mita 150 zuwa 1,200, inda ido ba ya kaiwa, balle da dare. Tana bayyana nauyin ƙwaro, da saurinsa, da inda ya dosa. Da irinta ne aka ƙiyasta, a binciken da aka wallafa a 2016, cewa ƙwari kimanin tiriliyan 3.5 ne ke ratsa samaniyar kudancin Birtaniya duk shekara. Sai dai ba ta faɗin sunan ƙwaron, kuma ba dukkansu ne maɓarnata ba, domin akwai masu cinye ƙwarin da ke lalata shuka. Shi ya sa masana ke ɗaura raga a jikin balan-balan su aika sama, ko su kafa tarkon fitila a ƙasa, don su kama ƙwaron da hannu su tantance shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ambaton rada kamar maganin feshi, alhali ba ta kashe ko ƙwaro ɗaya. Amfaninta gargaɗi ne. Uwar tsutsar masara mai fukafukai, wadda ta ɓulla a Afirka a 2016, tana iya tafiyar kilomita 100 a dare guda, saboda haka gargaɗin da bai isa kunnen manomi kafin ƙwai su ƙyanƙyashe ba, asarar kuɗin na'ura kawai aka yi.