Waiwaye: Yadda Kiɗan Tsofaffin Kwamfutoci Ya Shiga Jerin Gadon Al'adun Suwidin

Tun da aka sanar a 2025 cewa Suwidin ta sa harkar demo, wato al'adar haɗa ƙananan manhajojin nuna gwanintar zane da kiɗa a kwamfuta, cikin jerin al'adunta na gado, masu bibiyar kiɗa da fasaha ke ta kai ruwa rana. Wasu na cewa abin ya yi daidai, har ma ya makara. Wasu na tambayar ta yaya harkar da ta samo asali daga yara masu fasa makullin wasannin kwamfuta za ta zauna sahu ɗaya da saƙa da waƙoƙin gargajiya. Akwai kuma 'yan cikin gida da ke fargabar cewa duk abin da ya shiga takardar hukuma ya kama hanyar gidan tarihi ke nan. Abin da ya haɗa yawancin masu maganar shi ne sun ɗauki lamarin a matsayin begen ƙuruciya, wai manya ne ke kewar ƙarar wasannin da suka buga suna yara, sai rana ɗaya aka wayi gari an karrama su. Ba haka abin yake ba, kuma tarihin ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta takardar neman shigarwar, Anders Carlsson, makaɗin da aka fi sani da Goto80, ya isa ya nuna hakan.

Da farko a gyara wani abu da kanun labarai suka cakuɗa. Jerin da ake magana na ƙasa ne, wanda kowace ƙasa ke ajiyewa a ƙarƙashin yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan al'adun da ba a taɓawa da hannu. Ba babban jerin duniya ba ne. Suwidin kuma ba ita ta fara ba: Finland ta yi a 2020, Jamus da Poland suka biyo a 2021.

Farkon labarin sananne ne, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. A 1982 kwamfutar Commodore 64 ta fito da ɗan cif ɗin sauti mai suna SID, wanda Bob Yannes ya ƙera, mai muryoyi uku kacal. Matasa a Turai suka riƙa cire makullin hana kwafi daga wasanni, suna liƙa ɗan gabatarwa a gaba mai ɗauke da laƙabinsu, rubutu na gudu a allo, kiɗa na tashi. Sannu a hankali gabatarwar ta fi wasan jan hankali, ta ɓalle ta zama abin kanta. Shi ne demo: manhaja da ba ta da wani aiki sai nuna gwaninta a zane da kiɗa da lissafi, kuma kwamfutar ce ke haɗa komai nan take, ba bidiyo ba ne aka ɗauka. Ƙungiyoyi suka kafu, irin su Fairlight da aka kafa a Suwidin a 1987. Ana aika faifai a ambulan ta gidan waya daga gari zuwa gari, ana haɗuwa a ɗakunan taro da kwamfutoci a kafaɗa don kwafi da gasa.

A wancan lokacin, yin kiɗa a Commodore 64 aikin masu rubuta manhaja ne. Shahararrun makaɗan wasanni, irin su Rob Hubbard na Ingila, da kansu suke rubuta manhajar da za ta buga kiɗansu, sannan su shigar da sautuka lamba bayan lamba. Yaron da ke da kunne amma bai iya harshen inji ba, sai dai ya saurara ya yi sha'awa.

Inda hanya ta karkata, wanda ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, shi ne tsakanin 1987 da 1990, kuma a kan wata kwamfutar ce daban, wato Amiga. Ita Amiga ba ta ƙirƙirar sauti daga tushe yadda SID ke yi. Guntayen sautin da aka naɗa take bugawa, a layuka huɗu. A 1987 wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fitar da manhajar sayarwa mai suna Ultimate Soundtracker don sauƙaƙa wa kansa da masu yin wasanni aiki. Ba ta yi kasuwa ba. Amma tsarinta ya faɗa hannun 'yan demo, aka yi ta gyara ta ana sake fitarwa, har a 1989 wasu matasa biyu 'yan Suwidin, Pex Tufvesson mai laƙabin Mahoney da Anders Berkeman mai laƙabin Kaktus, suka fitar da NoiseTracker, wadda ta gyara kura-kurai da dama ta kuma bazu hannu da hannu a faɗin Turai.

Ya kamata a ga yadda allon irin wannan manhaja yake, don a nan komai ya ta'allaƙa. Babu layukan rubutun kiɗa irin na makarantar Turawa. Ginshiƙai huɗu ne a tsaye, kowanne na murya ɗaya, da sahu 64 daga sama zuwa ƙasa. Lokaci na gangarowa ƙasa maimakon ya tafi dama. A kowane gurbi za ka rubuta sautin da kake so, misali C-2, sai lambar kayan kiɗan da zai buga shi, sai wasu alamomi uku na umarni: ɗaga murya, sauke ta, girgiza ta, rage ƙarfinta. Madannan kwamfuta su ne abin kiɗan. Ka danna maɓalli ka ji abin da ka rubuta nan take, in bai yi ba ka goge. Ɗan shekara goma sha biyu zai iya fahimtar wannan a yammaci ɗaya.

Sauƙin amfani ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne irin fayil ɗin da manhajar ke ajiyewa, wanda aka sani da MOD. Fayil ɗin ya ƙunshi komai: guntayen sautin, jerin sahun, da kowane umarni da makaɗin ya rubuta. Duk wanda ya samu waƙar ya samu hanyar da aka bi aka yi ta. In ka ji wani salo ya burge ka, sai ka buɗe shi a manhajarka, ka tsayar da shi a sahun da abin ya faru, ka kashe muryoyi uku ka saurari ɗaya, ka karanta lambobin da idonka. Kamar a miƙa wa ɗan koyon ɗinki rigar babban tela ne a ce ya juya cikinta ya bi zaren duk inda ya ga dama. Faifan garmaho ko kaset bai taɓa ba mai sauraro wannan damar ba. Dubban yara a Suwidin da Finland da Norwe da Jamus sun koyi haɗa kiɗa ta haka, ba malami, ba kuɗin makaranta, kowa malamin ɗan'uwansa ne ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

Ga misali ɗaya na abin da ake koyo ta wannan hanya. Muryoyi huɗu ba su isa a buga ganga da sauti mai kauri da karin waƙa, sannan a haɗa sautuka uku a lokaci guda ba. Dabarar ita ce a sa murya ɗaya ta riƙa tsalle tsakanin sautuka ukun da sauri, sau 50 a daƙiƙa a kan injinan Turai, har kunne ya ji su kamar a haɗe suke. A manhajar, rubuta 037 a gurbin umarni na ba da haɗi mai sanyin jiki, 047 kuma mai fara'a. Wannan kaɗawar mai kama da kukan tsuntsu ita ce mutane ke ji yau su ce ai kiɗan wasan kwamfuta ne. Makaɗan Commodore 64 sun riga sun yi amfani da ita, amma a fayil ɗin MOD ne ta zama abin da kowa zai iya gani a rubuce ya kwaikwaya.

Akwai kuma gurbin sunayen kayan kiɗa. Fayil ɗin na da gurabe 31, kowanne na ɗaukar haruffa 22. Makaɗa suka mayar da su allon saƙo. A nan mutum ke rubuta laƙabinsa da ƙungiyarsa da ranar da ya gama, ya gai da abokai, ya gode wa wanda ya ari sautin ganga daga wurinsa, wani lokacin har ya sa adireshin da za a aiko masa da faifai. Daga nan wata ƙa'ida ta tsiro wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba. Aron guntun sauti abu ne da aka saba, koyo daga aikin wani abin yabo ne, amma goge sunan mai waƙa ka sa naka abin kunya ne da zai bi laƙabinka shekara da shekaru. A duniyar da ba a biyan kowa ko sisi, suna shi ne jarin mutum, kuma jama'ar da kanta ke tsare shi.

Matsin wuri ya ƙara wani abu. Gabatarwar da ake liƙa wa wasa dole ta zama ƙarama ƙwarai, don faifan Amiga kilobayit 880 (ma'aunin girman fayil ke nan) kawai yake ɗauka kuma wasan ya cinye kusan duka. Sai makaɗa suka daina amfani da dogayen sautukan da aka naɗa, suka koma zana ɗan guntun igiyar sauti na 'yan bayit kaɗan suna sa shi ya yi ta maimaita kansa. Waƙa sukutum ta koma 'yan kilobayit, kuma sautinta ya yi kama da na SID. Waɗannan ƙananan fayilolin Amiga na wajajen 1990 su aka fara kira kiɗan cif. Ma'ana, tun farkonsa salon zaɓi ne da dabara ta masu aiki a ƙuntataccen wuri, a kan injin da ke iya buga sautin gaske in an so.

Abin da ya biyo baya ya tafi da sauri. Manhajar ProTracker ta ɗora a kan NoiseTracker a 1990. A 1994 ƙungiyar Triton ta Suwidin ta fitar da FastTracker 2 don kwamfutocin PC, mai layuka har 32. 'Yan ƙungiyar The Silents suka kafa kamfanin wasanni na Digital Illusions a 1992. A 2000 wani ɗan Suwidin, Johan Kotlinski, ya ɗauki tsarin sahu da ginshiƙin nan ya sa shi a Game Boy, 'yar na'urar wasa ta riƙewa a hannu, da manhajarsa Little Sound DJ, wadda ta zama kayan aikin sabbin makaɗa daga Amurka har Japan.

A cikin wannan gida Goto80 ya tashi. An haife shi a 1981, ya shiga harkar a farkon shekarun 1990 yana yaro, tare da ƙungiyarsa Hack'n'Trade, a daidai lokacin da buɗe fayil ɗin wani a koya ya riga ya zama al'ada. Ya yi aiki a Amiga da Commodore 64, kuma da aka shiga sabon ƙarni yana cikin na farko da suka fitar da wannan kiɗa daga ɗakunan taron 'yan demo zuwa dandamali da gidajen rawa, da tsohuwar kwamfuta ko Game Boy a gabansa. Bai tsaya ga karin wasanni ba. Ya cusa salo iri-iri a cikin muryoyi ukun SID, har da ƙarar da injin ke yi idan ya rikice, wadda wasu ke gudu shi kuma yake nema. Ya saki waƙoƙi masu ɗimbin yawa, da dama kyauta a intanet. Ya kuma yi wasanni tare da mai zane Raquel Meyers, inda hotunan da ke allo da haruffan Commodore kaɗai aka gina su.

Abin da ya sa na ɗauke shi a matsayin zaren wannan labari shi ne bai tsaya ga bugawa ba, ya zauna ya rubuta. A shafinsa na Chipflip, da kuma kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Lund a 2010, ya bi diddigin tarihin salon, ya tattauna da makaɗa kan dalilin da ya sa suke zaɓar waɗannan injina. Rubuce-rubucensa na cikin waɗanda suka dawo da zamanin Amiga cikin labarin, a lokacin da jama'a suka fara ɗauka cewa daga Game Boy aka fara komai. Cikin waɗanda suka rubuta takardar da ta kai ga jerin 2025 akwai mutumin da ya shafe sama da shekara 30 a cikin harkar, rabi yana kiɗa rabi yana tattara tarihinta.

Masu cewa tushen abin fasa makulli ne ba su yi ƙarya ba, kuma ba daidai ba ne a ɓoye hakan. Sai dai abin da aka gada daga wancan zamani, wanda har yau ake miƙa wa na baya, hanyar koyo ce da ƙa'idar ambaton mai aiki. Masu tsoron gidan tarihi kuwa, su dubi abin da ake yi. Taron 'yan demo na Revision na cika duk lokacin Ista a Saarbrücken ta Jamus. A can ne a 2017 wani ɗan Suwidin, Linus Åkesson, ya ci gasa da demo na Commodore 64 mai bayit 256 kacal, da kiɗansa da hotonsa. Shi kansa Mahoney ya koma kan Commodore 64 bayan shekaru, kuma a 2014 ya nuna dabarar sa cif ɗin SID ya buga sautin da aka naɗa da tsabtar da ba a zaci zai iya ba.

Damuwata tana wani wurin. Yawancin masu jin wannan kiɗa yau ta manhajojin saurare da bidiyo suke jin sa, a rufe, ba sahu ba ginshiƙi, ba gurbin da mai waƙa ya rubuta sunansa da gaisuwarsa. Yaro zai iya son sautin shekara goma bai san ana iya buɗe shi ba. An daɗe da daina ƙera cif ɗin SID, faifan wancan zamani kuma suna lalacewa a akwatuna. Abin da ya tsare fayilolin a yanayinsu na asali aikin 'yan sa-kai ne: High Voltage SID Collection, da aka fara a 1996, ta tara waƙoƙin Commodore 64 sama da 50,000, The Mod Archive kuma na riƙe da fayilolin MOD da danginsu, kowa na iya saukewa ya buɗe a manhaja kyauta irin su OpenMPT ko MilkyTracker. Shiga jerin ƙasa karramawa ce a takarda. Ko za ta jawo wa waɗannan rumbuna tallafi, ko ta kai manhajar sahu da ginshiƙi ɗakunan karatu da makarantu, wannan ita ce tambayar da ya kamata masu muhawarar su riƙa yi.