Sai batirin waya ya ƙare kafin a sa ta caji?

An daɗe ana cewa kada a sa waya caji sai batirinta ya ƙare ƙarƙaf, sabuwa kuma sai ta kwana a wuta kafin a kunna ta. Maganar tana da tushe. Tsofaffin baturan nikel ƙarfinsu kan ragu idan ana yawan yi musu caji rabi-rabi. Fasaha ce ta yi gaba, shawarar ta tsaya a inda take.

Wayoyin yanzu batirin litiyam gare su, kuma abin da ke gajiyar da shi zafi ne da yawan barinsa ya sauka zuwa sifili. Ya fi ƙarko idan ana riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80. Barin waya tana caji a ƙarƙashin matashin kai, ko a gaban mota cikin zafin Afrilu, nan ne ɓarnar take. Idan bayan wayar ya fara kumbura, a daina amfani da ita.

Ku duba jikin batirin ko kwalin wayar. In an rubuta Li-ion ko Li-Po, wato batirin litiyam, a sa caji duk lokacin da aka kawo wuta, ko da saura rabi. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.