Bakteriyar Kwalba ta Tankin Kifi

Bakteriyar kwalba wani ruwa ne da ake sayar wa masu kiwon kifin ado domin gaggauta kafuwar ƙwayoyin da ke tsabtace ruwan sabon tanki. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Bakteriya irin su Nitrosomonas suna mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Naitirait ita ma mugunya ce: tana hana jini ɗaukar iskar oksijin har launinsa ya koma ruwan ƙasa, sai ka ga kifi ya taso saman ruwa yana haki. Idan aka bar tanki ya yi da kansa, abin kan ɗauki mako 4 zuwa 6, saboda ƙwayoyin ba sa saurin hayayyafa.

Masanin Rasha Sergei Winogradsky ne ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi a wajajen 1890. An daɗe ana ɗauka bakteriyar Nitrobacter ce ke cinye naitirait a tanki, kamfanoni ma ita suka riƙa ɗurawa a kwalba. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a tankin da ba na ruwan gishiri ba, wata bakteriya mai suna Nitrospira ce ke wannan aiki. Daga binciken nan aka samu ruwan kwalba mai suna Bio-Spira, wanda a lokacin sai a firij ake ajiye shi, daga baya Tetra SafeStart da Dr. Tim's One and Only suka fito.

To, suna aiki? Wasu suna yi, muddin abin da ke ciki yana raye. Ƙwayoyin nan ba sa iya ƙulle kansu cikin ɓawo su jure wahala kamar wata bakteriya mai suna Bacillus, don haka kwalbar da ta sha rana a kanti ko ta daskare a hanya ta zama ruwa kawai. Wasu kayan kuma Bacillus ɗin ne a ciki. Ruwa zai yi garau, amma aikin na ainihi bai kankama ba. Sinadarin kulorin na ruwan famfo ma yana kashe ƙwayoyin da ake buƙata.

Gwajin ruwa kaɗai ke tabbatarwa, sai an ga amoniya da naitirait sun sauka sifili, naitiret kuma tana hawa. Tsofaffin masu kiwo sun fi yarda da ɗauko soso daga matacin wani tanki mai lafiya, domin a jikin soso da tsakuwa ƙwayoyin ke maƙalewa.