Gwajin manhajar waya a simuleta da tsarin kuɗin kayan haɗa manhaja

Kayan haɗa manhaja masu aiki a waya fiye da iri ɗaya su ne waɗanda ke ba mutum damar rubuta kod sau ɗaya ya fitar da manhajar da za ta hau Android da iPhone. Fitattu a cikinsu akwai React Native, wanda kamfanin Facebook ya saki a 2015, da Flutter na Google, wanda sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a Disambar 2018, da .NET MAUI na Microsoft, da Unity da Solar2D waɗanda aka fi amfani da su wajen wasanni. Kusan dukkansu suna barin mutum ya yi gwaji kyauta a wayar kwaikwayo da ke kan allon kwamfuta, wadda ake kira simuleta ko emuleta. Kuɗi yakan shigo ne a lokacin da ake son manhajar ta bar kwamfuta ta shiga wayar gaske ko kasuwar manhajoji, kuma a wannan matakin ne ake gano yawancin matsalolin da wayar kwaikwayo ta ɓoye.

Simuleta da emuleta

Simuletan iPhone yana cikin Xcode, kayan haɗa manhaja na Apple, kuma ba ya aiki sai a kan Mac, kwamfutar Apple. Ba ya kwaikwayon injin wayar. Ana harhaɗa manhajar ne, wato a mayar da kod ɗinta fayil mai gudana, domin furosesan Mac ɗin, ta riƙa gudana da ƙarfinsa da RAM ɗinsa, shi ya sa take sauri fiye da yadda za ta yi a hannun mai saye. Fayil ɗin da aka harhaɗa domin simuleta ba ya hawa iPhone, ko da Mac ɗin mai furosesan Apple ne.

Emuletan Android an gina shi a kan QEMU, manhajar da ke kwaikwayon injin kwamfuta, yana tayar da cikakken tsarin Android a cikin kwamfuta. Ana ƙirƙirar wayar a Android Studio, kayan haɗa manhajar Android na Google, a zaɓi girman allo da sigar Android da yawan RAM. Yana aiki a Windows da Linux da Mac, amma yana da nauyi. Kwamfuta mai RAM gigabait 8 za ta ɗauke shi da kyar idan Android Studio da burauza suna buɗe. 16 ne ke ba da sarari. Idan ya ƙi tashi ko yana jan ƙafa, a fara duba BIOS, saitunan da ake shiga lokacin kunna kwamfuta: sau da yawa VT-x na Intel ko AMD-V, ɓangaren furosesa da ke taimaka wa emuleta, a kashe yake. A Linux kuma sai an tabbatar KVM, ɓangaren Linux da emuletan ke dogara da shi, yana aiki kuma mai amfani yana da izinin taɓa shi.

Wasu kayan suna da simuletansu na kansu. Na Solar2D yana sake loda wasan nan take da an adana fayil ɗin Lua, harshen da ake rubuta kod ɗinsa da shi. Expo, wanda ke kan React Native, yana da manhajar Expo Go da ake sakawa a wayar gaske a ɗauki lambar QR, sai aikin ya bayyana ba tare da an harhaɗa komai ba, muddin ba a shigo da wani kod na musamman da Expo Go bai ƙunsa ba.

Abin da ke wucewa a simuleta ya faɗi a waya

Matsalar da ta fi tsufa ita ce ta sunan fayil. Windows da Mac, a yadda suke zuwa, ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. Idan hoton sunansa Tambari.png amma a kod aka rubuta tambari.png, simuleta zai nuna shi lafiya lau. A waya kuwa fayiloli biyu ne daban, sai hoton ya ɓace ko manhajar ta rufe kanta tana buɗewa. Maganinsa a mayar da sunayen fayiloli duka ƙananan baƙaƙe tun daga ranar farko.

Ta biyu adireshin saba, wato kwamfuta ko shirin da manhajar ke tura wa buƙata ya amsa. Simuletan iPhone yana raba hanyar sadarwa da Mac, don haka localhost, adireshin da na'ura ke kiran kanta da shi, yana kai shi sabar da ke kan kwamfutar. A emuletan Android kuwa localhost yana nufin wayar kwaikwayon kanta; kwamfutar tana 10.0.2.2. Idan wayar gaske ce aka jona da kebul, umarnin adb reverse tcp:8081 tcp:8081 shi ke buɗe wa React Native hanyar da yake ɗauko kod. Ko an daidaita adireshin, daga Android 9 zuwa sama tsarin yana toshe haɗin HTTP marar tsaro sai an ba da izini a saituna, iOS, tsarin iPhone, ma haka tun iOS 9. Mai gwaji zai ga buƙatar ta mutu ba bayani, ya yi zaton sabar ce ta lalace.

Akwai sassan da babu su ko kuma na jabu ne. Simuletan iPhone ba shi da kyamara. GPS lambobi ne da mutum ke shigarwa da hannu, ba ya yawo ko ɓata kamar na titi. Zanen yatsa da gane fuska maɓalli ne da ake dannawa a ce an yi nasara ko an kasa. Sanarwar da ke faɗowa a allo ana iya gwada ta tun Xcode 11.4 ta hanyar jefa fayil a kan simuleta ko umarnin xcrun simctl push, sai dai wannan siffar sanarwar kawai yake nunawa. Idan emuletan Android ba shi da ayyukan Google Play, taswira da shiga da asusun Google ba za su yi ba, don haka wajen ƙirƙirar wayar a zaɓi sigar da ke ɗauke da su.

Sauri shi ne abin da bai kamata a auna a simuleta ba sam. A Flutter ma, yanayin da ake sake loda kod nan take yana da nauyi da gangan. Awon gaskiya sai da flutter run --profile a wayar gaske. Wanda zai sayar da manhaja a Kano ko Maraɗi ya nemi ƙaramar waya mai RAM gigabait 2 ko 3 irin Tecno ko itel ko Infinix, domin su suka fi yawa a hannun jama'a, kuma tsarin adana batirinsu yakan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, abin da emuleta ba ya yi. A nan ne kuma ake duba ƙ da ɗ da ɓ: idan font ɗin da aka saka a manhajar ba shi da su, wayar takan aro su daga wani font, su fito a karkace ko su zama akwati.

Yadda ake cajin kuɗi

Kuɗi kashi uku ne, kuma masu farawa sukan lissafa ɗaya su manta biyu. Akwai na kasuwa, wanda ba makawa. Apple na karɓar dala 99 duk shekara, kuma idan ba a sabunta ba ana sauke manhajar daga App Store. Google Play dala 25 ne sau ɗaya. Da asusun Apple na kyauta ana iya saka manhaja a iPhone ɗin mutum, amma bayan kwana 7 takan daina buɗewa sai an sake sakawa. TestFlight, hanyar Apple ta raba manhaja don gwaji, yana ɗaukar masu gwaji 100 na cikin gida da 10,000 na waje, kowace siga tana rayuwa kwana 90. Sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane a Google Play, tun Nuwambar 2023, sai sun yi gwaji na rufe na kwana 14 a jere kafin a bar su su fito kasuwa. Da farko masu gwaji 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12.

Na biyu kuɗin kayan aikin kansa. Corona SDK, wanda kamfanin Ansca Mobile ya fitar a 2009, shi ne misali mafi fili: simuleta kyauta ne, ana harhaɗa fayil ɗin waya a sabar kamfanin, sai an biya kuɗin shekara a kai manhaja kasuwa. Daga baya aka mayar da shi kyauta, aka buɗe kod ɗinsa a 2019, kamfanin Corona Labs ya rufe a 2020, aikin ya ci gaba da sunan Solar2D. Xamarin, wani kayan haɗa manhaja, ya kasance yana cajin dala 999 a shekara ga kowane mutum a kowane irin waya a matakin kamfanoni, wato ninki biyu ga mai son Android da iPhone, har Microsoft ya saye shi a 2016 ya sa shi cikin Visual Studio kyauta. An daina kula da shi a 1 ga Mayun 2024, .NET MAUI ya gaje shi. Unity har yanzu yana kan kuɗin shekara ga kowane mutum, tare da matakin kyauta ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala 200,000 ba. A Satumbar 2023 ya sanar da caji a kan kowane saukewa, masu haɗa wasanni suka yi ca, ya soke shi a Satumbar 2024.

Na uku, kuɗin hayar na'urori ta intanet, shi ne wanda ya maye gurbin na biyu. Flutter da React Native kyauta ne, amma fayil ɗin iPhone sai an harhaɗa shi a Mac. Wanda ba shi da Mac yana hayar na intanet ta EAS Build ko Codemagic ko GitHub Actions, inda ake ba da ɗan adadi kyauta sannan a fara caji, kuma a GitHub Actions kuɗin mintin Mac ya ninka na Linux kusan sau goma. Haka wayoyin gaske na haya a Firebase Test Lab da BrowserStack da AWS Device Farm, da minti ko da wata ake biya.

Kafin a shiga kowane tsari ana duba ko farashin na mutum ɗaya ne ko na kowane irin waya, da ko manhajar da ta riga ta fita za ta ci gaba da aiki idan an daina biya. Ana kuma duba ko za a iya harhaɗa fayil a kwamfutar mutum ba tare da sabar kamfanin ba. Adobe ya rufe PhoneGap Build a 2020, waɗanda suka dogara da shi sai da suka koma Apache Cordova suka koyi harhaɗawa da kansu. Ga mai biya daga Najeriya duk waɗannan kuɗaɗen da dala ne, don haka abin da zai fita daga aljihunsa a naira yana canzawa da farashin canji ko kamfanin bai ƙara ko sisi ba, kuma sabuntawa takan tsaya idan katin banki ya ƙi biyan kuɗin waje.