Ma'anar "bundled database", da dalilin da ya sa yake ƙin tashi a editan intanet

Mai koyon rubuta manhajar yanar gizo zai yawaita cin karo da wannan kalma a takardun jagora. A Hausance ma'anarta rumbun bayanan da ke zuwa tare da tsarin gina manhaja tun daga tushe, ba sai ka je ka nemo shi ka girka da kanka ba. Kamar ka kama hayar shago ka tarar mai gida ya riga ya kafa maka kanta. Sai dai kalmar tana ruɗar mutane, domin abu biyu mabambanta ake kira da ita.

Na farko shi ne irin na Django da Rails, wasu tsarukan gina manhajar yanar gizo guda biyu. Su kan fara da SQLite, wanda Richard Hipp ya ƙirƙira a shekarar 2000. Wannan fayil ne guda ɗaya kawai, a Django sunansa db.sqlite3, yana zaune cikin foldar aikinka. Ba a kunna shi, ba a kashe shi, shi ya sa da wuya ya ba ka ciwon kai.

Na biyu shi ne irin na Meteor, tsarin JavaScript da ya fito a 2012. Shi yana zuwa da MongoDB, wanda shiri ne mai zaman kansa da ake kira mongod. Duk sa'ad da ka rubuta meteor a tagar umarni (terminal) ka danna Enter, shirye-shirye biyu ne ke tashi: manhajarka da kuma rumbun. Kai ɗaya kake gani, ɗayan yana aiki a bayan fage. Ranar da ya ƙi tashi, allon zai nuna maka "Unexpected mongo exit code" da wata lamba, ya sake gwadawa, daga ƙarshe ya ce "Can't start Mongo server". A nan ne na ga ɗalibai da yawa suna zaton kod ɗinsu ne ya lalace, su shiga goge abin da suka rubuta daidai. Abin yana ba ni takaici, don kod ɗin bai ma samu damar gudana ba tukuna.

Matsalar ta fi yawa a editan intanet, wato inda kake rubutu a burauza amma aikin yana gudana a kwamfutar wani can nesa, irin su Cloud9 da Amazon ya saya a 2016, ko GitHub Codespaces. Masu ƙaramar kwamfuta kan dogara da su sosai. Amma a can kai baƙo ne, kuma mongod yana da buƙatun da sai mai masauki ya yarda.

Buƙatarsa ta farko ƙofa ce, wadda ake kira fot (port), wato lambar da ake bi a isa ga shiri a cikin kwamfuta. Meteor yana ɗaukar 3000 don manhaja, ya ba rumbun lambar da ke biye, wato 3001. Idan ka mayar da manhajar 8080, kamar yadda Cloud9 ke so tunda 8080 zuwa 8082 yake buɗewa, rumbun zai nemi 8081. In wani shiri ya riga ya zauna a wurin, mongod zai fita da lamba 48. Sau da yawa mai tare ƙofar tsohon mongod ne da bai mutu ba tun jiya. Rubuta ps aux | grep mongod, za ka gan shi da lambarsa, sai ka tsayar da shi.

Ta biyu wurin rubutu ne, kuma nan ne abin ya fi sarƙaƙiya. Bayanan suna cikin .meteor/local/db. Da mongod ya tashi sai ya ajiye wani ɗan fayil mai suna mongod.lock, alamar cewa akwai mai aiki a ciki, kada wani ya shigo. Editan intanet kuwa barci yake yi in an bar shi: Codespaces yana tsayawa bayan minti 30 ba a taɓa shi ba, sai in ka sauya. Ka tashi sallah, ka tsaya hira, ka dawo an kashe injin, wataƙila rumbun bai rufe kansa da kyau ba. Sababbin sigogin MongoDB kan farfaɗo da kansu, tsofaffin kuwa sukan turje. Haka kuma idan faifan ya cika, ko ba ka da izinin rubutu a foldar, ko an ɗora ta a kan tsarin ajiya irin NFS da ba ya kulle fayil yadda rumbun ke so, za ka ga lamba 100. Umarnin df -h zai nuna maka sauran wuri.

Akwai kuma wata ƙarama da ke wahalar ganowa: injin da ba a saita masa harshe ba. Rubuta export LC_ALL=C kafin ka kunna Meteor yakan warware ta.

Shawarar da za ka fi ji ita ce meteor reset. Tana aiki kuwa, amma a sigogin da aka daɗe ana amfani da su tana share rumbun gaba ɗaya, duk masu rajista da bayanan gwajin da ka kwana kana shigarwa su tafi. Kada ka taɓa ta sai ka kwafe foldar db zuwa wani wuri.

In editan ya ƙi ba da haɗin kai, raba manhajar da rumbun. Kunna MongoDB naka daban, wanda ƙofarsa ta asali 27017 ce, sannan ka saita MONGO_URL, wato saitin da ke gaya wa Meteor inda rumbun yake, ya nuna adireshinsa, misali mongodb://127.0.0.1:27017/gwaji. Da Meteor ya ga wannan, ba zai ƙara yunƙurin tayar da nasa ba, zai haɗu da wanda ka nuna masa kai tsaye.